Daga Ƙarƙashin Bonet: Lambar Fetur, Ƙanzon Inji da Rigimar Garanti

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka sauya fuska. Da can kan birki da giya da ofahitin ake tambayata. Yanzu duk wasiƙar da na buɗe warin fetur take yi. Na zaɓo guda biyar, na rage musu tsawo, kuma inda aka yi ƙorafi na cire sunan kamfani da na mota, tunda ban ji ta bakinsu ba.

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Na sayi Marsandi C300 ƙirar 2012 da aka shigo da ita daga Amurka. A cikin murfin tanki an rubuta kada a zuba mata man da lambarsa ta gaza 91. Abokina ya ce in kwantar da hankalina, ai man Najeriya ma 91 ne, kuma sunansa ma firimiyam. Bakanikena kuma ya ce duk cikon tanki in bi shi da kwalba ɗaya ta maganin ƙara ƙarfin mai. Maganar wa zan ɗauka?
Daga wani ɗan kasuwa, Hotoro, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Abokinka ya faɗi gaskiya amma ba ta kai ba. Shi kuwa bakanike, ka bincika ko ƙanensa ne ke sayar da kwalaben.

91 ɗin nan guda biyu ne. Duk wanda ya taɓa auno hatsi a Dawanau ya kai wata kasuwa ya san idan an ce mudu sai ka tambayi na wane gari. Haka wannan lambar fetur, da ake kira lambar oktan, take. Ana gwada fetur a wani injin gwaji ta hanya biyu. Akwai gwaji mai sauƙi da ake kira RON, akwai mai tsanani da ake kira MON, inda ake ƙara wa injin gudu da zafi. Man da ya ci 95 a na farko, wajen 85 yake ci a na biyu. Turai da mu nan da lambar RON muke magana. Amurka da Kanada kuwa haɗa biyun suke yi su raba biyu, shi ya sa ake rubuta (R+M)/2 a jikin famfunansu. Ke nan 87 ɗinsu, wanda shi ne man gama-gari a can, daidai yake da 91 ko 92 a namu mudun. 91 ɗinsu kuma, wanda motarka ke nema, shi ne 95 a wurinmu. Mu ko famfo ɗaya gare mu, mai Keke da mai Marsandi layi ɗaya suke bi, kuma abin da ƙa'ida ta wajabta wa man namu a wajen 90 zuwa 91 yake a ma'aunin RON. Wani zubin yakan ɗara haka, amma ba a rubutawa a famfo, ba ka da hanyar sani. Kalmar firimiyam da ke cikin PMS, sunan fetur a hukumance, kuwa suna ne kawai. Raɗa wa yaro Sarki ba ya sa a buga masa tambari.

To mece ce ita lambar? A cikin silinda fistin yana matse iska da fetur, fulogi ya ƙyasta, wuta ta tashi daga bakinsa ta bi ta cinye sauran a jere, yadda wutar daji ke cin ciyawa daga gefe guda. Idan man ba shi da juriya, wanda ke can gefe ba ya jiran wutar ta iso, zafi da matsi su sa ya fashe da kansa. Wannan fashewa ce ke dukan kan fistin, ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, musamman idan ka taka totur a hawa. Lambar oktan awon wannan juriya ce. Wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Graham Edgar, ya kafa ma'aunin a shekarun 1920 da ruwa iri biyu: ɗaya mai haƙuri da aka ba 100, ɗaya mai saurin fushi da aka ba sifili. Mai lamba 91 shi ne wanda ya jure kamar haɗin kashi 91 na farko da kashi 9 na biyu. Babu maganar ƙarfi a ciki, babu maganar tsabta. Mai Corolla da littafinsa ya ce 87, ko ya samu mai lamba 98 ya zuba, kuɗinsa kawai ya ƙona.

Bari in ɗan ratse, don akwai kalmar da ke rikita mutane. Abin da littattafan mota ke kira nokin shi ne wannan ƙarar tsakuwa. Mu a gareji idan muka ce inji ya yi nokin, nufinmu ya buga, metal ya narke, sai saukewa. Na sha ganin mutum ya karanta littafin motarsa ya zo a firgice yana cewa man Najeriya zai buga masa inji kafin Juma'a. Na farkon yana iya kai wa ga ɓarna idan ya yi tsanani ya daɗe, ya fasa gefen fistin ko ya ƙone gasket, amma yawancin injunan da suka buga a gabana rashin baƙin mai ne ya kashe su.

Lokacin da nake yaron gareji a Kaduna, Fijo 504 ce ta cika gari, ga kamfanin haɗa ta nan a Kakuri. Matsin injinta bai kai tara bisa ɗaya ba, kusan duk abin da ka ba ta sha take yi. Idan ta fara ƙarar tsakuwa, maigidana zai sassauta distiribita, ya karkato kunne, ya murɗa kaɗan har ƙarar ta ɗauke, ya ɗaure. Motarka tana yin wannan aikin da kanta. Akwai sensa manne a jikin bulok tana sauraro, da ta ji ƙarar sai birenbos, wato kwamfutar motar, ya jinkirta ƙyastawar fulogi. Inji ya tsira, amma ka biya da wani abu: ja ya ɗan ragu, shan mai ya ɗan ƙaru. Shi ya sa dubban irin motarka ke yawo a Kano da Abuja ba su mutu ba. Kuma taka ta 2012 mai silinda shida ce marar turbo, ta fi ƙannenta na 2015 zuwa sama, masu silinda huɗu da turbo, haƙuri da man namu. Su waɗannan nake tausaya wa, don turbo cusa iska yake yi da ƙarfi, matsi da zafi su ƙaru. Mai niyyar sayen mota ya duba littafinta tun kafin ya biya. Idan an rubuta recommended, shawara ce. Idan required ne, sharaɗi ne, kuma kai ne za ka zauna da shi.

Jinkirtawar birenbos tana da iyaka, kuma zafi ne ke kai ta bango. Motar da ke lafiya lau a Jos, inda tudun ya kai wajen mita 1,200 iska ba ta da kauri, ita ce za ta yi ta ƙara a Sakkwato cikin Afrilu da tsakar rana, ga esi a kunne ga mutum biyar. A jihohin duwatsu na Amurka irin su Kolorado har mai lamba 85 suke sayarwa saboda wannan dalili. Don haka abin da zan ce ka kashe wa kuɗi shi ne lagireto mai tsabta, fanka mai tashi a kan lokaci, fulogin da kamfani ya rubuta, da gidan mai mai ciniki wanda mai ba ya kwana a rijiyarsa. Ka guji galan ɗin 'yan bumburutu, don ɗan kalanzir ko dizal kaɗan idan ya shiga fetur kayar da lambar yake yi warwas. Idan kana tantama, a jona kwamfuta a zaga da motar a ga yawan jinkirin da take yi a hawa.

Ita kuwa kwalba, ka karanta jikinta da kyau. Da yawa za su ce suna ƙara maki uku ko biyar, alhali a lissafinsu maki goma ne lamba ɗaya. Wato 91 ya zama 91.3. Daga nan zuwa 95 akwai tafiya. Masu ƙarfin cikinsu kuma galibi da sinadarin manganis ake haɗa su, idan ka dimance su za ka kwance fulogi ka gan shi ja kamar bakin mai cin goro, kuma ba sa barin sensar salansa da indomi, wato matatar hayaƙin salansa, lafiya. Masu jefa kafur a tanki kuwa, Allah ya shirye su.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Motata ƙirar 2014 ce daga Amurka, an rubuta GDI a murfin injinta, ta yi mil 90,000. Da safe idan na tayar sai ta yi ta rawa, wutar cek tana ƙiftawa, bayan minti goma ta daidaita. An canza fulogi sau biyu, na zuba maganin wanke nozul kwalba huɗu. Wani ya ce kabon ne, sai an sauke inji an sa ringi. Wani ya ce rashin mai mai babbar lamba ne. Daga gida zuwa asibiti bai kai kilomita biyar ba, ban cika fita gari ba.
Daga Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Hajiya, barka kadai, Allah ya ba da ladan aiki. Kada ki bari a sauke miki inji tukuna. Kuma ki daina sayen kwalaben nan, ba don jabu ba ne, don inda cutar take ba sa isa wurin.

A injunan da muka saba da su, nozul yana zaune ne a bayan bawul ɗin shigar iska. Duk feshin da zai yi sai ya wanke bayan bawul kafin ya shiga silinda, sau dubbai a minti guda. Ba wanda ya shirya hakan don wanki, amma wankin ake samu. Sai masu ƙera motoci suka ga idan aka mayar da nozul cikin silinda yana fesawa kai tsaye, man yana sanyaya ciki, a samu ƙarin ja da ragin shan mai. Mitsubishi ce ta fara fito da irin wannan da yawa a 1996, daga baya kowa ya bi. Idan kin ga GDI, ko FSI, ko TSI a murfin inji, to dangin nan ne. An ci riba, amma bawul ya rasa mai yi masa wanka.

Shi kuwa datti bai fasa zuwa ba. Kowane inji yana da tururin baƙin mai da ke taruwa a cikinsa, kuma ba a sakinsa waje, akwai tiyo da ɗan bawul da ake kira PCV da ke mayar da shi hanyar iska don ya ƙone. Wannan tururi yana bi ta kan bawul mai zafi, ya manne, ya gasu, wani ya hau kan wani. Ke da kike girki kin san ƙanzo. To shi ne kabon ɗin da aka ce miki, sai dai wannan tukunyar shekara goma ba a kankare ta ba. Idan ya yi kauri sai ya rage hanyar iska ya hargitsa yadda take shiga, abin ya fi bayyana da sanyin safiya. Maganin da kike zubawa a tanki ta nozul yake fita, nozul kuma yana can ciki, gaba da bawul. Yana iya wanke bakin nozul ɗin, wannan kam yana yi idan mai kyau ne. Bayan bawul kuwa ko ɗigo ba ya taɓawa. Mai lamba 98 ma hanyar da zai bi ke nan.

Da hunturun bara aka kawo mini irin taki. Mai ita malamin makaranta ne, an riga an yanka masa kuɗin ringi da fistin, ya zo neman ra'ayi na biyu. Muka gwada matsin silinda huɗun, duk lafiya, kusan kai ɗaya. Wanda ringinsa ya mutu ba ya ba da wannan. Muka kwance manifol, wato bututun shigar iska, yarona ya haska tocila a ramin farko ya ce, "Oga, ina bawul ɗin?" Ba a ganin ƙarfe ko kaɗan. Wani baƙin abu ne ya naɗe sandar bawul kamar an dama kwalta da gawayi, sama danƙo, ƙasa tauri. Muka juya inji da hannu har bawulolin silindar suka rufe ruf, muka zuba ruwan wanki muka jira mu ga ko zai zurare ciki. Bai zurare ba. Muka bar shi ya jiƙa, sannan aka shiga kankara da tsinken roba da ɗan buroshi, ana zuƙewa, ana hurawa da iska, a koma na gaba. Tun hantsi har la'asar. Abin da muka tara ya kusa rabin gwangwanin madara, malamin ya ɗauki hotonsa ya ce zai nuna wa wanda ya ce a sauke inji. Washegari da asuba ya tayar, ya kira ni ya kara wayar a bonet don in ji.

A Turai da Amurka da garin ɓawon wani ɗan itace mai suna walnot suke yi, a harba shi da iska mai ƙarfi. Ya fi ƙanzon tauri, bai kai ƙarfe ba, aiki ya yi sauri. Akwai masu injin a manyan garuruwanmu. Amma idan wani ya ce zai yi miki da yashi, ki karɓi makullinki. Haka mai cewa zai ɗura ruwa ta hanyar iska inji na aiki. Tsohuwar dabara ce ta zamanin kafireta, idan hannu ya zarce ruwa ya cika silinda, kon-rod, wato sandar fistin, ne zai lanƙwashe.

Kafin a kai ga kwancewa, a bi abin daki-daki. A jona kwamfuta, lambobin P0300 zuwa P0304 su ne na silindar da ke tsallake wuta. A musanya kwayil daga silinda zuwa silinda a ga ko matsalar ta bi shi. A gwada matsi. Sannan a zura 'yar kyamarar nan mai igiya a leƙa bayan bawul, ki gani da idonki.

Bayan an wanke, zai dawo, sai dai a jinkirta shi. Abu uku nake gani suna gaggauta shi a nan. Na farko baƙin mai. Motar da aka rubuta wa 5W-20 ko 5W-30 sai a ɗura mata 20W-50 mai kauri na durom wai ƙasarmu da zafi, a kuma bar shi wata shida. Ki nemi wanda littafi ya ce, mai alamar API SP a jiki ko aƙalla SN Plus, waɗanda aka fito da su musamman saboda irin waɗannan injuna. Na biyu cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, al'adar da na rasa wanda ya koya mana ita. Inji ba ya kai zafin aikinsa, birenbos ya ɗauka har yanzu safiya ce ya yi ta ƙara mai, komai ya yi baƙi. Na uku irin tafiyarki. Kilomita biyar ba ta isa baƙin mai ya yi zafin da zai kore ruwa da fetur ɗin da suka shige shi ba. Ki riƙa canza shi da wuri, kuma ko sau biyu a wata ki miƙa ta hanyar Zariya ta yi gudu na rabin awa. Wannan ba zai kankare tsohon ƙanzo ba, amma yana taimakon fulogi da kan fistin.

Wanda ya ce miki maganar lamba, akwai inda ya kusa gaskiya, sai dai ya juya ta. Ƙanzon da ke taruwa a kan fistin yana rage fili ya ƙara matsi, yana kuma riƙe zafi, sai tsohon inji ya fara ƙarar tsakuwa da man da a da yake sha lafiya. Ƙanzo ne ke jawo buƙatar babbar lamba. Su ma kamfanonin sun gane matsalar bawul ɗin. Toyota ta fito da tsarin D-4S mai nozul biyu a kowace silinda tun 2005, ɗaya ciki ɗaya bayan bawul, Ford ma ta yi haka a babban injinta na EcoBoost daga 2017.

Tambaya: Baba, na sayi mota 'yar shekara biyu daga gwanjon Amurka, mil 21,000 kacal, an ɗan buge ta a gaba an gyara. Na ga a intanet kamfanin na ba da garantin shekara biyar a kan inji. Giyarta ta fara fizga. Zan iya kai ta wurin wakilinsu na nan su gyara kyauta?
Daga wani matashi, Gwarimpa, Abuja.

Amsa: Ɗana, ka je su duba maka, amma ka tafi da kuɗinka. Gaskiya ne a Amurka irin su Toyota na ba da shekara uku ko mil 36,000 a kan mota gaba ɗaya, da shekara biyar ko mil 60,000 a kan inji da giya. Hyundai har shekara goma ko mil 100,000 take bayarwa, amma ga mai ita na farko kaɗai. Sai dai wannan alkawari reshen kamfanin na Amurka ne ya ɗauka, don motar da ke zaune a yankinsa. Wakilin nan bai ci ribar sayar da ita ba, ba wanda zai biya shi kuɗin gyaranta. Na biyu kuma ya fi wannan: yawancin motocin gwanjo inshora ce ta biya mai su ta yafe su, aka buga musu takardar salbej. Da an buga wannan, garanti ya faɗi ko da motar ba ta bar garinsu ba.

Abin da ya rage maka shi ne kiranye, wato idan kamfani ya gano aibi mai haɗari ya ce a dawo da motoci, kamar yadda aka yi da jakunkunan iska na kamfanin Takata. Ka ɗauki lambar jikin mota mai harafi da lamba 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka sa a shafin hukumar NHTSA ta Amurka, kyauta ne. Ko ba a gyara maka a nan ba, ka san abin da ke jikin motarka. Giyar kuwa, tunda gaba aka buga, a fara duba kular da ke sanyaya man giya da tiyoyinta da irin man da masu gyaran suka zuba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ne mai kula da motoci a wata ma'aikata. Mun sayi sababbi fil daga wakilin kamfani, da garantin shekara uku ko kilomita 100,000. Ɗaya ta fara tsallake wuta a kilomita 58,000. Suka duba suka ce kabon ne da lalacewar nozul biyu, kuma gurɓataccen mai ne sila, don haka mu za mu biya. Sun kuma ce sabis biyu a waje aka yi. Suna da wannan hurumin?
Daga Damaturu.

Amsa: Tare da naka, Malam. Ɗauko littafin garantin, ba na tallan ba, ka buɗe shafin abubuwan da ba su ɗauka ba. Zan iya rantsewa za ka tarar da gurɓataccen mai, da man da lambarsa ta gaza wadda aka rubuta, da rashin yin sabis a kan lokaci. Garanti alkawari ne a kan kuskuren ƙira ko na haɗi. Shi kuwa ƙanzo, yawancin kamfanoni a layin kulawa suke sa shi, tare da fulogi da birki, abin da amfani ke kawowa. A kan wankin kabon, da wuya ka yi nasara.

Nozul biyu a kilomita 58,000 kuwa wata magana ce, kuma nan zan tsaya da ƙafata in da ni ne. Kalmar gurɓataccen mai ta zama mafaka, saboda kowa ya san tana faruwa. Ba mu manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukuma da bakinta ta amsa cewa an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima daga tashar Antwerp ta Beljiyam, layuka suka dawo, motoci suka yi ta mutuwa a Legas da Abuja. Amma faruwar abu a gari ba hujja ba ce a kan motarka. Ka rubuta musu takarda a kan ta ma'aikata, ka nemi su ba ka dalilin ƙin a rubuce, da lambobin da kwamfuta ta nuna, da hotunan abin da suka gani. Ka tambaye su ko sun ɗebi man tankin sun gwada, a ina, me aka samu. Ka ce a ajiye maka tsofaffin nozul ɗin. Kana da wata hujjar a hannu da mai mota ɗaya ba shi da ita: sauran motocin da kuka saya tare, idan a gidan mai ɗaya suke sha kuma lafiyarsu ƙalau, sai su bayyana yadda man ya zaɓi guda.

Sabis biyun nan su ne rauninka. A Amurka akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975 da ta hana kamfani soke garanti don kawai an yi sabis a waje, sai an nuna aikin wajen ne ya jawo ɓarnar. Mutane na karanta wannan a intanet su zo suna ɗaga murya, alhali dokar ba ta tsallako teku ba. A nan abin da kuka sa wa hannu shi ne a gaba, kuma da yawa sun sharɗanta sabis a wurinsu. Duk da haka ka nemo rasit ɗin sabis biyun, da kwanan wata da kilomita da irin baƙin man da aka zuba. Canjin baƙin mai a Damaturu ba shi da hanyar da zai kashe nozul, ka sa su faɗi alaƙar. Idan reshe ya ƙi, ka haura hedikwatarsu ka nemi sassauci, sau da yawa sukan ɗauki kuɗin kaya ku biya na aiki, balle ga mai sayen motoci da yawa. Idan duk ta ƙi, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da aka kafa da dokar 2018, tana karɓar irin wannan ƙorafi. Daga yau kuma kowane direba ya riƙa karɓo rasit a gidan mai. Ran da aka tabbatar man ne, wanda ya sayar da shi za ku bi, kuma ba a bin sa da baki.

Tambaya: Malam, ina so in mayar da sabuwar motata mai amfani da gas na CNG. Zai rage kabon? Garantina fa?
Daga wani direban haya, Zariya.

Amsa: Zai rage, ƙanena. Gas ɗin yana ƙonewa da tsabta, baƙin mai ma yakan daɗe bai yi duhu ba, kuma lambar juriyarsa ta haura 120, ƙarar tsakuwa ba ta taso ba. Za ka ji ja ya ɗan ragu, kuma tunda busasshe ne, a riƙa duba gibin bawul a kan kari. Idan injinka mai fesawa kai tsaye ne, kada ka yarda da haɗin gama-gari, don nozul ɗin da ke cikin silinda fetur ɗin da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi. Tukunyar gas ɗin kuma matsinta ya kai 200 a ma'aunin bar, ba aikin mai walda ba ne, sai cibiyar da aka amince da ita. Garanti kuwa, duk abin da ya shafi inji za su iya cewa haɗin ne ya jawo. Ka je wurin wakilin da ka saya, ka tambaye su ko akwai masu haɗin da suka yarda da su, su ba ka amsar a takarda mai hatimi kafin a huda but.